Shekarar da Baba Ya Taka Gurbi

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi magana ce da autarku ta kawo mini daga wani biki a Tibiri. Wai wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta tambayi gidansu, da ta ji sai ta ce ashe jikar wanda ya sayar wa soja tabki ce. Na san tsohuwar, tare muka yi tallar dafaffen wake, kuma tun tana da haƙora bakinta bai san hutu ba. Ba ita ce damuwata ba. Damuwata ku ne, da kuka tashi kuna ganin kakanku zaune a zauren gidanmu na Sabon Gari kamar baƙon da mota ta bari, ba wanda ya taɓa gaya muku abin da ya raba shi da garinsu. Babanku ba mai magana ba ne, ya tafi da tasa a ciki. Ni kuwa Allah bai yi ni da shiru ba, don haka ku saurara.

Kakanku shi ne Sarkin Ruwa na wani tabki da ke bakin gulbi, yamma da Tibiri, wanda muke kira tabkin Marke saboda itatuwan marke da suka yi masa kara. Gulbin Maraɗi, kun sani, baƙon damina ne. Yakan zo da ƙarfinsa ya malale fadama, ya cika tabkuna, sannan ya janye ya bar yashi. Da ya janye sai Baba ya kafa sanda a bakin tabkin ya ɗaura mata jan ƙyalle, ruwa ya rufu ke nan, ko ƙugiya ba mai jefawa. Sai bazara ta kama a sa ranar su. Ranar nan duk gari yakan fito, maza da koma, mata da ƙwarya, a yi cirko-cirko a bakin ruwa ana kallon mutum ɗaya. Ba ganga, ba shela. Ƙafar Sarkin Ruwa ita ce mabuɗi: da ya tsoma ta, kowa ya faɗa. Amma akwai wuri guda da ƙafar ba ta zuwa, wani gurbi mai zurfi a gindin babban marke, inda kifi kan taru idan ruwa ya ja baya. Nan iri yake kwana har damina ta dawo. Tun kakan kakansa ba Sarkin Ruwan da ya taka gurbin, kuma tun da bai taka ba, ba wanda ya isa ya taka.

Ina kewar wurin nan har yau, ba na jin kunyar faɗa. Ina kewar ƙamshin taɓo da safe, da ƙarar tarwaɗa idan ta bugi ruwa da wutsiya, da muryar Baba yana faɗa da awaki kamar suna jin Hausa. Innarmu ta rasu ina ƙarama, don haka a gindin marken nan na girma, ina riƙe masa gora yana kewaya ruwansa. Yakan ɗebi ruwa a tafin hannu ya kurɓa, ya ɗan yi shiru, ya tofar, ya ce lafiya lau. Ni ma sai in kurɓa in tofar in ce lafiya lau, ba tare da na san abin da ake ɗanɗanawa ba.

Babanku kuwa ɗan Maraɗi ne, ɗan lakwal, wato ɗan boko, ma'aikacin ruwa da gandun daji a ɓangaren kifi. Aiki ne ya kai shi tabkinmu, ya kafa wani dogon katako mai zane-zane a cikin ruwa don ya riƙa auna zurfi, ya tafi da awo ya kuma tafi da ni. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Mushe yake ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, kuma katakon nan ya daɗe yana ba shi dariya. Shi ma'auninsa saiwoyin marke ne, kowace saiwa da abin da take faɗa masa idan ta fito fili. Amma na lura duk ranar da babanku ya je, sai su tsuguna su gwada na wannan da na wancan, kamar mata biyu masu gwada tiya a kasuwa. Sau da yawa awon yakan zo ɗaya, sai kowa ya tashi yana ganin shi ne ya koya wa ɗan'uwansa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda damina ta leƙo ta koma. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a Najeriya, iyaka kuma a rufe, har manyan Alhazan Maraɗi da motocinsu ba sa kwana sun koma zaman zaure. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mutanen arewa suka gangaro da tabarmi da tukwane suka zube a bayan gari, ana raba musu jar dawa wadda ko kaza sai ta yi shawara kafin ta tsattsaga. Gulbi bai zo ba sam. Ruwan da ke tabkin Marke ragowar bara ne, kuma tun kafin sanyi ya wuce ya tattare ya koma gurbi kaɗai.

Wata rana babanku ya dawo daga biro, wato ofishinsu, ya zauna bai taɓa tuwo ba. Da na matsa masa sai ya ce an yanke shawara a gaban kumandan, wato sojan da ke riƙe da jihar: tun da tabkunan za su ƙafe, a zuba taru a kwashe kifin a raba wa masu yunwa. Shi kansa ya ce shawarar ba ta mugunta ba ce. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya fara ɗebe iri da rai, ya kai Jiratawa, inda ake noman rani da injin ban ruwa, akwai wani babban kwarmin siminti da ruwa ba ya yankewa. In gulbi ya dawo a maido su. Kumandan ya ce ya ba shi kamyo ɗaya, wato babbar motar kaya, da safiya ɗaya. Sai babanku ya ce ba zai taɓa gurbin Marke ba sai an kira mai shi an ji ta bakinsa.

Na ce, "To mi ya hana ka cin abinci? Ai ka samu abin da kake so."

Ya ce, "Rabi, kin san abin da za ni roƙa ga Baba kuwa? Yaran aikina in sun shiga da taru, taɓon za su dama, kihin ya shaƙe ya mutu kahin mu kai mota. Tarwaɗar tana cikin ramu ƙarƙashin saiwa, sai hannun da ya san wurin. Kuma ba mai shiga gabanshi."

Nan na gane, tuwon ya fita raina ni ma.

An aika mota ta ɗauko Baba, ya shiga biro da rigarsa mai warin kifi ya zauna cikin masu kaki da masu tabarau. Ban shiga ba, amma da suka dawo gida suka ci gaba da maganar a tsakar gida, ni ina tankaɗe ina saurare, tankaɗen da bai ƙare ba har la'asar. Baba ya ce gurbin bai taɓa ƙafewa ba, ko a babbar yunwar da kakansa ya ba shi labari. Babanku ya ce a wancan lokacin rijiyoyin fadama ba su nutse haka ba, ya auna su tun daga Jiratawa har Tibiri, ruwan ƙasan da ke ciyar da gurbin daga ciki ya sauka ya bar shi.

Sai Baba ya ce, "Shi ya sa. Kwana biyun ga ruwan ɗaci shikai ga bakina, ban san dalili ba. Kuma kihi na tasowa da asuba shina haɗiyar iska. Saiwar da ban taɓa gani ba ta hito, Mushe. Ban gaya ma kowa ba."

"To Baba, mi kuka gani?"

"Gaiwa ku bar ta, ita ta san ta kanta, taɓo za ta shiga ta yi kwana har ruwa shi zo. Tarwaɗa cikin jiƙaƙƙen buhu za a sa ta, ba cikin duro ba, in kunka cushe su cikin ruwa guda ƙahoninsu za su soke juna. Karfasa kau ku manta da ita, ba ta kai Jiratawa da rai."

"Tana kaiwa, Baba, in ana kwarara ruwan duron ba a bari ya kwanta ba. Mun gwada."

"Kun gwada? To, wanga naku ne."

Haka suka yi ta yi, wannan ya kawo nasa wancan ya kawo nasa, har suka tsara komai. Abu ɗaya ne ba wanda ya ambata, sai ni mai bakin da ba ya ajiya. Na ce, Baba, in ka taka gurbi ai ka buɗe shi. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. In ban taka ba rana ta cinye su duka, in zamna da sandata ina gadin busasshen rami. In na taka, mutane su cinye saura, su haɗa da ni. Zaɓa mani guda."

Ban zaɓa masa ba. Kuka na shiga ɗaki na yi, don na san mutanen garinmu kuma na san ubana.

Ku riƙe wannan da kyau: bai yi a ɓoye ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa dattawa abin da zai yi da dalilinsa, ƙanensa Baba Ɗan Jimma yana tsaye kusa da shi. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka kalli ƙasa. Amma maganar da aka ji da kunne daban take da abin da ido zai gani, balle idon da ya kwana da yunwa.

Na je Tibiri ranar, da goyon babban yayanku. Gari na wayewa kamyo ya tsaya a bakin tabki da duro-duro da buhuna, da soja biyu da aka haɗo su da motar, waɗanda babanku bai nema ba kuma ba shi da ikon korarsu. Mutane suka fito kamar ranar su, sai dai ba waƙa ba guɗa. Baba ya tuɓe riga, ya tsaya a bakin gurbin yana motsa leɓe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga murya ya roƙi jama'a su ba shi zuwa hantsi, ya tsoma ƙafa.

Sun ba shi, wallahi sun ba shi, wannan ma gaskiyarsu ce da ba zan ɓoye ba. Suna tsaye suna kallo yana nutsewa ƙarƙashin saiwoyi yana fitowa da tarwaɗa, ya juya ta ya shafa cikinta, ya ce wannan mace, wannan namiji, wannan ta tsufa a mai da ita. Babanku yana karɓa yana naɗewa a buhu, yaransa suna kwarara ruwan duron karfasa. To amma iri ai sai lafiyayye, sai mai ƙiba. Abin da mutane suka gani shi ne manyan kifin gurbi, waɗanda aka hana su taɓawa tun suna yara, suna hawa motar gwamnati ɗaya bayan ɗaya, soja na tsaye da bindiga, surukin Sarkin Ruwa na karɓa. A shekarun nan kuwa ba mu saba ganin mota ta ɗauki abu ta dawo da shi ba. Wata mata da ta binne ɗanta a makon ta ce da ƙarfi, "Namu ɗiyan hwa?" Wani saurayi ya faɗa ruwa, sai gari ya bi shi.

Kafin azahar gurbin ya zama kunu. An kama abin da aka kama, wanda ya shaƙe a cikin taɓo ya fi yawa, washegari wari ya hana tsayawa a wurin. An ci kifi kwana biyu a Tibiri, aka koma ga yunwa, ga kuma gurbin kakanni a buɗe kamar kabarin da kura ta tone. Dole a sami wanda za a ɗora wa. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari cewa Sarkin Ruwa ya sayar da iri ga soja ta hannun mijin ɗiyarsa. Dattawa suka aiko a karɓi sanda da jan ƙyalle, suka ba Baba Ɗan Jimma. Baba bai yi musu ba. Ya miƙa, ya ɗaure tabarmarsa da butarsa, ya biyo mu Maraɗi ya ce kwana biyu zai yi.

Na yi fushi da mutanen garinmu fushin da ya ɗauke ni shekaru. Yanzu da na tsufa na rage, don na ga yunwa da idona, na san ba ta barin mutum ya yi dogon tunani. Amma ban yafe ƙaryar ba, kuma ba wanda ya zo ya nemi in yafe.

Zamansa a Sabon Gari zaman kifi ne a tudu. Hayaniyar masu shaguna da ƙarar babura ba su dame shi ba, abin da ya dame shi famfo. Ya ce bai taɓa ganin ruwan da ba a sanin inda ya kwana ba. Ranakun da yake zama mutum su ne ranakun Jiratawa. Babanku yakan goya shi a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa, yana riƙe da hula da hannu ɗaya, ƙunshin dusa da gara, abincin kifi, a ɗaya hannun. Na bi su sau da yawa. A tsakiyar ƙasa mai ƙuna sai ka ga fadamar nan kore shar, albasa da tattasai da alkama, inji na bugawa. Baba yakan tsuguna a bakin kwarmin siminti ya yi ta magana ƙasa-ƙasa, kifin suna tasowa. Manoman wurin da farko sun yi gunaguni an sa musu kifi a ruwan ban ruwa, daga baya su ne masu kawo masa gara. Karfasa ta rayu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa Mushe ya yi gaskiya. Da tarwaɗa ta fara rama a kan siminti, shi ya sa aka jefa mata fasassun tukwane ta sami wurin ɓuya, babanku ya rubuta wannan ya aika wa na gaba da shi da sunan Baba a kai. Daga lokacin ne biro ta fara kiran sarakunan ruwa duk sa'ad da za a yi maganar tabki. Sauran sarakunan ruwa suna zuwa su zauna a kujera, wanda ya buɗe musu ƙofar yana zaure ba sanda.

Damina ta gaba gulbi ya zo, ya cika tabkin Marke har ya taɓa gonaki. Aka sa ranar mai da kifi. Babanku ya durƙusa gaban Baba ya ce motar tana ƙofa. Baba ya ce su sauka lafiya, su zuba ta gefen gabas inda ciyawa ta nutse, kada su zuba da rana tsaka. Na ce, Baba, kai fa? Ya ce ba a kira shi ba. Babanku da Baba Ɗan Jimma suka zuba kifin a gaban mutanen da suka ga an ɗauke shi. Na ɗauka daga ranar ƙaryar za ta mutu. Ashe wanda ya riga ya zagi mutum ya fi son zagin ya tabbata da ya tashi ya je ba da haƙuri. Sai aka ce ai wani kifin ne gwamnati ta kawo daga Yamai.

Shekara biyu bayan haka, ƙarshen bazara, ina tsakar gida da hantsi na ji sallama a zaure, muryar da na sani. Baba Ɗan Jimma ne, ya rame, riƙe da wata babbar tarwaɗa a cikin ganye. Tun ranar sanda ba su ga juna ba. Na kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofa, ban ma yi kamar zan tafi ba. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta zafi. Sannan ya tura kifin gaban wansa.

Ya ce, "Jiya munka yi su, Yaya. Wagga ita ta hwara hitowa."

Baba ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya juya ta, ya danna cikinta a hankali, sai fuskarsa ta canza.

"Ɗan Jimma, ƙwai gare ta. Kun makara. Wa ka buɗe ruwa gawo na kakkaɓe ganye? Wagga guda da kunka kashe, tabki guda ce."

"Mun yi ta jiran alama, Yaya. Kowa da tashi. Babu mai gaya muna."

Ni dai a raina ina cewa, faɗi mana, Baba Ƙarami, kalma biyu ce, ce masa taho gida. Na ga bakinsa ya motsa. Sai Baba ya riga shi da tambaya, ina ruwa ya tsaya bana, babban marke yana nan, an gyara gefen da ya zabge. Ƙanensa yana amsawa, shi kuma yana lumshe ido kamar mai jin labarin ɗansa da ke nesa. Ya gaya masa alamun buɗe ruwa dalla-dalla, ya sa shi ya maimaita.

Da Baba Ɗan Jimma ya tashi tafiya, ya daɗe a bakin ƙofa yana gyara hula wadda ba abin da ya same ta. Ya kalli wansa, ya kalli titi.

Ya ce, "To Yaya, in Allah ya kai mu baɗi, ni zo in ƙara tambaya."

Baba ya ce, "Ka zo."

Ya fita, muna jin takunsa har ya ɓace cikin hayaniyar unguwa. Na sunkuya zan ɗauki kifin in kai madafa, sai idona ya faɗa kan ƙafafun Baba a gefen tabarma. Ashe tun suna cikin magana ya jawo takalmansa ya sa, ban ga lokacin ba. Bai dube ni ba. Yana nan zaune da su a ƙafa, yana fuskantar ƙofa, har aka kira azahar, sannan ya cire su ya ce in miƙo masa buta.